Kafin launi, ku fara tambayar kwanci

'Yan uwa masu son kiwon ƙananan kajin nan na bantam a bayan gida, kada kyan gashi ya ruɗe ku. Ku fara tambayar kanku: ƙwai kuke so ko 'yan tsaki?

Kwanci yana bin jinsi ne, launi bai da hannu a ciki. Silkie da Cochin uwayen kwanci ne, wata ko akurkin babu ƙwai sai ta kwanta. Sebright kuwa, duk kyan zanen gashinta, da wuya ta zauna.

Dalilin lura da wannan shi ne kaza in ta shiga kwanci ta daina saka ƙwai ke nan. Kwana 21 tana kai, sannan ga makonnin raino. In ƙwai kuke nema, asara ce. In 'yan tsaki ne, ta hutar da ku sayen injin ƙyanƙyasa. Ni ƙwai 6 zuwa 8 nake sa mata, in sun wuce haka na gefe sanyi suke sha.

Alamar kaza mai kwanci ba ta ɓuya. Ku kai hannu, za ta kumbura gashi ta kawo sara, ƙirjinta kuma a fige.

Launi yana da nasa wurin. In kuna sakinsu kiwo, fara tas shaho yana hango ta daga nesa, ja da wake-wake sun fi sajewa da ƙasa.

Sai dai ba kullum dabarar ke ci ba. Na taɓa samun Cochin budurwa da ta tashi daga kan ƙwai a kwana na 10, duk suka lalace. Tun daga nan sai na gwada kaza kwana 3 da ƙwan banza kafin in ba ta na gaske.