Babi na 6: Gyaran tsohuwar bindigar gado

Darasi na 1: Auna cikinta tukuna

Da yawa cikinku kun ce mini akwai bindigar kaka rataye a ɗaki, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Wasu ma tasu ta girmi ambaliyar 1945, lokacin da gulbi ya ci tsohon garin Maraɗi aka hau tudu. To, kafin ku taɓa tsatsarta, ku fara gano ko a ɗure take. Albarushi ba ya mutuwa don ya tsufa. Wanda aka ɗura shekara 50 da suka wuce yana iya tashi yau.

Ku fitar da yara daga gida. Ku juya bakin bindiga wajen da babu kowa. Kada ku leƙa cikinta, kada ku taɓa kunamarta. Ku samo sanda miƙaƙƙiya, siririya, wadda ta fi bindigar tsawo. Ku zura ta a hankali har ta tsaya, hannunku a gefe, ba a kan bakin ba. Daidai bakin bindiga ku yi wa sandar alama da gawayi. Ku zaro ta. Yanzu ku kwantar da ita a waje, a jikin ƙarfen, alamar gawayi daidai bakin. Ku dubi inda ƙarshen sandar ya kai. In ya kai ƙaramin ramin nan na gindi da wuta ke shiga, babu kome ciki. In ya rage yatsa biyu ko uku, akwai abu.

Nan ne kuke kuskure. Alamar gawayi ce ke zama daidai baki, ba ƙarshen sandar ba. Na sake faɗi: alama a baki, ƙarshen sanda wajen rami. In kun rikice ba kome, ku goge gawayin ku sake. Sau uku za ku auna. Wanda bai iya ba yau, gobe zai iya.

Wani ɗalibina, dattijo, ya ce mini: "Malam, ai gidan zanzaro ne ya toshe ta." Na ce, Baba, wataƙila, amma wa ya shiga ya gani? Duk abin da ya tare sanda, ku ɗauka albarushi ne. Haba jama'a! Sau nawa zan faɗa? Har yanzu akwai mai kai wa maƙeri bindiga ya ce a sa ta a wuta ƙusa ta saki, bai auna ba. Wannan ganganci ne, da ranka da na maƙerin. In sanda ba ta kai rami ba, ku zuba ruwa ta baki, ku jingine ta, ku kira tsohon maharbi ya fitar da abin.

Darasi na 2: Tsatsa da ƙota

Kun auna? In ba ku auna ba, ku koma darasi na 1.

Ku jiƙa tsumma da kananzir ku shafe ƙarfen, ya kwana, ku goge. Sannan ku shafa man keken ɗinki kaɗan. Ban da magagari, ban da yashi. Wasu bindigogin daga Barmingam ta Ingila suka zo, wasu daga Liyaj ta Beljiyam, kuma akwai hatimi a ƙarfensu kusa da gindi. Shi ke nuna asalinta, in kun kankare ya tafi. Ƙotar da gara ta ci, masassaƙi zai yi wata da icen maɗaci, amma ku kai masa tsohuwar ya gani.

Darasi na 3: Abin da ya karye

Ba a sayar da kayan irin wannan bindiga a kanti. Ku kai wa maƙeri guntun da ya karye ya ƙera irinsa. Ku karɓo tsohon ku adana. Ko ta yi kyau kada ku harba ta, tsohon ƙarfe yana fashewa.

Darasi na 4: Takarda

Riƙe bindiga sai da izinin hukuma. Ku je wajen jandarma ku tambaya. Kada ku ƙetare da ita Nijeriya ta iyakar Ɗan Isa neman gyara.

Aikin gida: ku rubuta "sanda", "alama", "rami", kowace sau biyar.