Yadda Makaɗin Jita Zai Koyi Sauran Kayan Kiɗa, Bisa Sawun Prince

A bayan faifan farko da mawaƙin Amurka Prince ya fitar a 1978 an rubuta cewa shi ya tsara waƙoƙin, shi ya rera, shi ya kaɗa, shi kuma ya jagoranci naɗar. Kayan kiɗa 27 aka lissafa da sunansa, alhali shekararsa 19 a duniya. Lokacin da na ci karo da wannan labari, shekarata uku ina fama da jita, kuma abin da ya fara zo mini a rai shi ne in cika ɗaki da kayan kiɗa. Na kuwa cika shi. Na yi kusan shekara ina taɓa wannan in saki, in taɓa wancan, ban kammala waƙa ko ɗaya ba, abin ya dame ni ƙwarai. Sai da na koma na bi rayuwar mutumin daki-daki sannan na ga akwai tsari a cikinta, kuma tsarin nan nake so in shimfiɗa maka, in dai kai ma jita ce a hannunka kana hangen sauran.

An haifi Prince Rogers Nelson ranar 7 ga Yuni 1958 a birnin Minneapolis na jihar Minnesota, a Amurka. Mahaifinsa John Nelson makaɗin fiyano ne na jaz, mahaifiyarsa Mattie mawaƙiya. Da fiyanon gidansu ya fara tun yana ɗan shekara bakwai, jita ta biyo baya. Da zaman gida ya yi masa wuya yana matashi, sai ya koma gidan su abokinsa André Cymone, aka ba shi ɗakin ƙasa, nan suka kwana suka tashi da kiɗa. A ƙungiyarsu ta 'yan makaranta shi ke riƙe da jita, André na riƙe da bes, wato jita mai zurfin murya, wani na kan ganguna. Ka lura da wannan: kullum yana tsaye kusa da mai bes da mai ganga, kunnensa na ɗaukar abin da suke yi tun kafin hannunsa ya kai can.

To, abu na farko, ka tabbatar jitar ta zama gidanka kafin ka fita yawo. Kuma ba ina nufin gudun yatsu a saman wuyan jita ba, wanda shi ne duk mai koyo ke kwaɗayi. Ina nufin hannun dama, mai riƙe kari. Mutane sun fi tuna Prince da kukan da yake sa jita ta yi, amma idan ka saurari faifansa na farkon shekarun 1980 da kunnen basira, yawancin aikin jitar ƙananan sara ne masu tsabta, irin na makaɗan James Brown, kowane sara na faɗuwa daidai gurbinsa kamar ana dakan lugude. Jitar da ya fi yin wannan aiki da ita ma ba wata mai tsada ba ce: Hohner ce da aka ƙera a kan siffar jitar Telecaster ta kamfanin Fender, mai zanen fatar damisa a gabanta, kuma ya riƙe ta shekara da shekaru.

Ga yadda za ka gina wannan hannu. Saita metronom, wato na'urar ƙirga bugu, a kan 60 a minti ɗaya (manhajarta na nan kyauta a waya). Ɗora yatsun hagu a kan tsirkiyoyin shida ba tare da ka danna ba, ta yadda in ka kaɗa ba za su yi amo ba sai "cak, cak". Hannun dama ya riƙa sauka yana hawa, sara huɗu a kowane bugu, kada ya tsaya. Sai ka zaɓi wuri ɗaya cikin saran goma sha shida na kowane bugu huɗu ka danna yatsun hagu, amo ya fito, ka saki nan take. Minti goma sha biyar kullum. Idan ka yi mako guda ba ka riga na'urar ba, ba ta kuma bar ka baya ba, ƙara biyar a kan lambar. Aikin na da gundura, ban ɓoye maka ba, amma duk abin da za ka koya nan gaba a kansa zai zauna.

Na biyu, fiyano, ko ƙaramin kibod ma ya wadatar. Ba sai ka ƙware ba. Amfaninsa shi ne ya buɗe maka ido. A jita hannu ne ke haddace siffa: ka san yadda ake ɗora yatsu a fitar da kod ɗin C (kod shi ne amo da yawa da ake bugawa tare), amma ba lallai ka san me ke cikinsa ba. A fiyano komai a shimfiɗe yake, C da E da G, ga su nan ka gani, ka sauke ta tsakiyar rabin mataki ka ji kod ɗin ya koma mai sanyin rai. Ka ɗauki waƙa uku da ka riga ka iya a jita ka mayar da su kan kibod, hagu na buga tushen kod, dama na buga sauran. Wata biyu zuwa uku sun isa ka fara jin amfanin, kuma za ka dawo kan jitar da wani sabon kunne.

Bes ita ce wadda ta fi yaudarar makaɗin jita, don haka zan daɗe a nan. Tsirkiyoyinta huɗu, E da A da D da G, daidai da huɗun jita masu kauri, sai dai muryarta ta fi zurfi da hawa guda. Saboda haka ranar farko da ka ɗauke ta za ka ji kamar ka riga ka iya. Ni ma haka na ji. Na shiga atisaye da wani dattijon mai ganga da ya girme ni da kusan shekara talatin, ina ta zuba gudu a wuyan bes kamar yadda na saba a jita. Bai yi mini faɗa ba. Ya tsayar da kiɗan, ya ce in matso, in zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa ta dama. Ya ce, "Ɗana, kar ka kalli hannuna. Kalli wannan ƙafar. In ta taka, ka taɓa. In ba ta taka ba, ka yi shiru." Na zauna ina kallon tafin takalminsa yana sauka kan fedar babbar ganga, fatar gangar na motsi, iskarta na bugun gwiwata. Muka yi rabin awa ina buga amo ɗaya tak. Can sai na ji bes ɗin da gangar sun haɗe sun zama abu guda, har ban iya rarrabe wanne ne nawa ba. Ranar na fara kaɗa bes.

Ka ajiye ɗan katin kaɗa jita, ka koyi jan tsirkiya da manuniya da ɗan yatsan tsakiya, ɗaya bayan ɗaya. Ka koyi kashe amo kamar yadda ka koyi tayar da shi, domin a bes tsawon amo da inda ya yanke su ne rabin aikin. Kuma ka kula da wuyan hannunka na hagu. Tsirkiyar bes ta kan kai inci 34, ta jita irin ta Fender kuwa inci 25 da rabi, gaɓoɓin sun fi tazara, in ka dage sai ka buɗe yatsu kamar a jita za ka jawo wa kanka ciwo. Ni na jawo, na yi wata guda ban taɓa komai ba. Matsar da hannun gaba ɗaya, kada ka miƙe yatsa fiye da ƙima. Kanta kuma, wato taurin fata, za ta fito a yatsun dama bayan ƙuraje sun fashe, wannan ba abin tsoro ba ne.

Ganguna ba sa buƙatar dogon bayani a farko. Ƙafar dama ta taka babbar ganga a bugu na ɗaya da na uku, hannun hagu ya sari ƙaramar a na biyu da na huɗu, hannun dama na kaɗa faranti sau takwas. Rabin kiɗan rok a kan wannan yake tsaye. Kana iya koyonsa da cinyoyinka da ƙasan ɗaki kafin ka samu gangunan. Amma ranar da ka zauna a kansu, toshe kunnenka. Ƙarar da ta wuce desibel 85 tana cin ji idan aka daɗe a cikinta, ganguna kuwa a rufaffen ɗaki sukan haura 100, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa.

Yanzu sai naɗa, wadda ita ce makarantar gaskiya. Tun ƙarshen shekarun 1940 Les Paul ya nuna cewa mutum ɗaya na iya ɗora kiɗa a kan kiɗansa, yau kuma kwamfuta da manhaja irin Audacity ko GarageBand da ƙaramin akwatin da ke haɗa jita da kwamfuta sun wadatar. Kunna metronom a kunne, ka fara naɗar jita da murya sama-sama don su zame maka jagora. Sai ganguna, sai bes, sai kibod, sannan ka goge jagorar ka sake jitar da kyau, murya a ƙarshe. Kada ka tsallake metronom. Na taɓa tsallakewa, na zo ɗora bes na tarar gangata ta ƙara sauri a tsakiyar waƙa, kwana huɗu na aiki suka tafi a banza. Naɗa ba ta jin kunyarka: mai gangar da ya yi gaggawa kai ne, mai bes ɗin da ya cika surutu kai ne, ba wanda za ka ɗora wa laifi.

A nan rayuwar Prince ta koya mini abin da ban zata ba. Wancan faifan farko mai kayan kiɗa 27 ya ci watanni a situdiyo, ya ɗora murya kan murya, kiɗa kan kiɗa, ya cinye kusan duk kuɗin da kamfanin Warner Bros. ya ware wa faifai uku, kuma bai yi wata kasuwa ba. Faifansa na uku, na 1980, yawancinsa a ƙaramin situdiyon gidansa ya naɗe shi, kayan kiɗa kaɗan, sauti tsirara, kuma shi ne ya sa masu sharhin rok suka juyo suka dube shi da gaske. A 1984 ya kammala "When Doves Cry" har da bes a ciki, ya saurara, ya zare bes ɗin gaba ɗaya. Waƙar rawa ba bes, abin da kusan ba a yi a lokacin, ta kuma yi mako biyar a matsayi na ɗaya a Amurka. Mutumin da ya iya bes sosai ne kaɗai zai ji cewa wannan waƙar ba ta buƙatarta. Don haka duk waƙar da ka gama, ka riƙa kashe layukan kiɗan da ka naɗa ɗaya bayan ɗaya kana saurare. Wanda ka kashe ba ka yi kewarsa ba, bar shi a kashe.

Kada kuma ɗaki ya riƙe ka. A Janairun 1979 Prince ya yi wasansa na farko da ƙungiyarsa a gidan wasa na Capri a Minneapolis, manyan kamfaninsa suka zo suka kalla, suka yanke cewa bai isa fita rangadi ba tukuna. A Oktoban 1981 ya buɗe wa ƙungiyar Rolling Stones fage a Los Angeles, 'yan kallo suka yi masa ihu da jifa har ya sauka. Abin da ya biyo baya atisaye ne na awanni masu yawa kusan kullum da makaɗansa, kuma saboda ya san kujerar kowa, yana iya karɓar bes ko sandunan ganga ya nuna abin da yake so maimakon dogon bayani. Wanda ya kalli wasansa na 2004, daren da aka shigar da shi zauren girmamawa na Rock and Roll Hall of Fame, ko na Super Bowl, wasan ƙarshe na ƙwallon ƙafa irin ta Amurka, a Miami a 2007 cikin ruwan sama, yana kallon amfanin waɗannan shekaru ne. Nemi mutum biyu ko uku ku riƙa haɗuwa kowane mako, wani makon ka riƙe jita, wani makon ka karɓi bes ka bar wani ya yi gaba.

Idan abin ya kai ga takarda, karanta ta da lauya kafin ka sa hannu, musamman sashen da ya faɗi wa ke da mallakar ainihin naɗin. Prince ya samu ikon jagorantar faifansa tun yarjejeniyar farko, amma mallakar naɗin ta kamfani ce. Kan wannan rigima ya sauya sunansa zuwa wata alama a 1993, ya riƙa fitowa da kalmar "bawa" a rubuce a kumatunsa, kuma sai a 2014 ya karɓo tsofaffin naɗinsa.

Jikinka ma kayan kiɗa ne, shi kuwa ba a sayo wani. Prince ya rasu ranar 21 ga Afrilu 2016 a Paisley Park, gidansa kuma situdiyonsa da ke Chanhassen, yana da shekara 57, sanadin maganin kashe zafi mai ƙarfi, fentanil, da ya yi masa yawa ba da niyya ba. Har yau abin na taɓa ni. In ciwo ya kama ka a wuyan hannu ko kafaɗa ko baya, ka tsaya ka ga likita, kada ka danne shi da ƙwaya don wasan gobe.

Rangadinsa na ƙarshe ba jita, ba ƙungiya, daga shi sai fiyano da makirfo, wasan ƙarshe a Atlanta mako guda kafin rasuwarsa. Nakan nemi abin da aka naɗa na waɗannan darare in saurari hannunsa na hagu kawai. Bes ɗin na nan a ciki, ƙafar mai ganga ma na nan, tana taka ɗaya da uku.