Idan mota mai turbo ta daina ja

'Yan uwa direbobin Jidda da Makka, idan motarka mai turbo ta yi sanyi, kana taka totur tana nishi, musamman a hawan Hada zuwa Ɗa'if, kada ka yarda bakanike ya fara da kwance turbo, wato na'urar da ke tura wa injin ƙarin iska. Sau da yawa iska ce ba ta isa injin.

Fara da filtar iska. Ƙurar ƙasar nan takan toshe ta tun kafin lokacin da kamfani ya rubuta. Cire ta ka ɗaga wa rana. In haske bai ratsa ba, canza ta. Busa ta da kamfuresa kuwa yakan huda takardar, yashi ya wuce ya cinye fikafikan turbo.

Sai tiyon da ke tsakanin filta da turbo. In zafi ya laushe shi yakan lotse idan an ba da wuta, amma a tsaye sai ka gan shi lafiya lau. Leƙa intakula (mai sanyaya iskar da turbo ke turawa) a gaban lagireto ma, ko leda ko laka ta rufe ta.

In akwai baƙin hayaƙi a motar dizal tare da fito, ko lambar P0299 (alamar ƙarfin iskar turbo ya ragu) a kwamfutar gwajin mota, nemi inda iska ke zurarewa. In duk ƙalau ne, a duba salansa, ita ma tana toshewa.