Gyaran Allon Lantarki na Sega Game Gear

Idan Game Gear, na'urar wasan bidiyo ta hannu wadda kamfanin Sega ya fitar a Japan a 1990, ta daina ba da sauti ko hotonta ya dusashe, galibi laifin kafasito ne, wato ƙananan kayan da ke riƙe caji a kan allon lantarkin da ke cikinta, domin ruwan cikinsu yakan tsiyaye ya ci layukan tagulla. Ka fara cire baturanta shida kafin ka buɗe ta. Warin kifi da ke tashi idan ƙarfen narka dalma ya taɓa wurin shi ne shaidar tsiyayar. Gara a sauya kafasiton duka. Ka ɗaga tsofaffin a hankali, don fizga takan ɓalle tagullar da ke ƙarƙashinsu. Ka goge wurin da sifirit, ka auna layukan da mitar gwajin lantarki, sannan ka liƙa sababbi da dalma, kana kiyaye ɓangaren fozitif da negetif.