Yadda nake bibiyar mai jego da saƙon waya a Mai Wurno

Ni ungozoma ce a Mai Wurno, jihar Sennar ta ƙasar Sudan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a duba mai jego sau huɗu: ranar haihuwa, rana ta 3, tsakanin kwana 7 da 14, sai mako na 6. A tsakanin nan ne damuwa ke kama mace ba wanda ya sani, musamman bayan suna, in baƙi sun watse. Wannan giɓin nake cikewa da saƙo.

'Yar'uwata ungozoma, tun ziyarar farko ki tambayi mai jegon a keɓe, wayar wa ce? In ta maigida ce, kada ki rubuta abin da zai tona mata asiri. In ba ta karatu, saƙon murya ta WhatsApp ya fi, amma ranar da intanet ta ɗauke, tes ne ke isa.

Ki gajarta saƙon. Ni da yamma nake aikawa, bayan ta gama wankan jego: "Ƙanwata, kin samu barci jiya? Kin sha kunu? Wa ke riƙe miki jariri?" Tambayar barcin nan ba na barinta. Macen da kunya ba za ta bari ta ce zuciyarta ta yi nauyi ba, za ta iya ce miki ba ta runtsawa ko da jaririn na barci.

Kukan da mai jego kan yi a kwanakin farko yakan wuce cikin mako 2. In ya zarce, ko ta yi shiru ga saƙo biyu, ki ɗauki jakarki ki je gidan. In ta ambaci cutar da kanta ko jaririn, a ranar ki raka ta asibiti, kuma kada a bar ta ita kaɗai.