Yadda Ake Buɗe Shagon Sayar da Kayan Sautin Mota da Haɗa Su

Yawancin motocin da ke yawo a titunan Kano, Kaduna da Katsina na hannu ne, 'yan Kwatano ko waɗanda aka sauke a Legas, kuma da yawa sun haura shekara 10. Rediyon da suka zo da shi galibi na kaset ne ko na faifan CD, ba Bluetooth, ba ramin filashi. Mai motar kuwa karatun Alƙur'aninsa da wa'azinsa da waƙoƙinsa duk suna cikin waya. Ga kuma 'yan Adaidaita Sahu da direbobin haya masu son sauti mai ƙarfi. Kasuwa dai akwai ta. Sai dai ribar wannan sana'a tana hannun wanda ya iya haɗawa ne, don duk mai kuɗi zai iya saro rediyo ya jera, amma ba kowa ke haɗa shi mota ta kwana lafiya ba.

Mataki na 1: Koyi wayarin kafin ka kama shago

Ka samu ƙwararren mai wayarin ɗin mota ka zauna a ƙarƙashinsa na wasu watanni, ko da kana da jari a hannu. Wutar ƙaramar mota bolt 12 ce, tana hawa zuwa wajen 14 idan inji na aiki. Ba za ta ja ka kamar wutar gida ba, amma idan waya ta haɗu da ƙarfen mota, batir na iya narka ta cikin daƙiƙoƙi, wuta ta tashi.

Ka haddace kalolin wayoyin da ke bayan sabon rediyo. Rawaya ta wutar batir ce da ba ta yankewa, ita ke riƙe agogo da tashoshin da aka ajiye. Ja tana samun wuta ne idan an murɗa makulli. Baƙa ta jikin mota ce. Shuɗiya mai ratsin fari ita ke tayar da amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti. Fara da mai ruwan toka na sifikun gaba ne, hagu da dama, koriya da shunayya kuma na baya. Idan ka haɗa ja da rawaya wuri guda a kan wutar batir, kamar yadda masu gaggawa ke yi, rediyon ba zai mutu da makulli ba, zai yi ta shan batir, wata safiya mota ta ƙi tashi. Daga ranar sunanka ya ɓaci a unguwar.

Kalolin da ke ɓangaren motar kuwa kowane kamfani da nasa. Na Toyota daban, na Honda daban, na Peugeot daban. Kada ka yi cinke, ka gwada da mitar auna wuta. Kuma duk inda ka ga soket mai launin rawaya a ƙarƙashin sitiyari ko kujera, ka ɗauke hannunka, galibi na jakar iskar kariya ce.

Mataki na 2: Kayan aiki

Ba su da yawa: mita, sukudirebobi, filaya, abin fere waya, ƙarfen lika waya da dalma, salatif ɗin lantarki mai kyau, injin huda, da robobin ɓanɓare dashbod. Waɗannan robobin ba su da tsada, kuma su ke hana ka karce motar mutane da bakin sukudireba. Ka kuma tanadi batir guda a kan teburi don gwada kowane kaya a gaban mai saye.

Mataki na 3: Wuri

Shago mai kyau a cikin lungun da mota ba ta shiga ba shi da amfani a gare ka. Ka nemi inda mota biyu za su tsaya a gabansa, da rumfa, don aikin dashbod a ranar watan Afrilu azaba ne gare ka da mai motar. Kusa da gareji, wurin wankin mota ko filin dillalan motoci ya fi tsakiyar kasuwa, saboda a nan masu mota ke zaman jira. Idan kuɗin haya ya yi maka yawa, kwantena ko ɓangaren shagon wani mai kayan gyara ya isa farawa.

Mataki na 4: Sari

A nan mutane da yawa ke binne jarinsu. Sai mutum ya cika shago da manyan sifiku masu ƙyalli, su yi wata shida suna shan ƙura. Ka fara da abin da ke tafiya kullum: ƙananan rediyo masu Bluetooth da filashi, sifikun ƙofa masu inci 6.5, masu 6x9 na baya, fiyus, soket-soket, da kyamarar ribas. Allon Android yana da riba, amma kowace mota da irin firam ɗinta, don haka ka ajiye na motocin da suka fi yawa a garinku, kamar Corolla, Camry da Accord. Sauran sai an ba da kafin alƙalami ka yi oda.

Ana samun kaya a Sabon Gari da Ƙofar Ruwa a Kano, da Panteka a Kaduna. Mai son sari da yawa kan nufi Alaba ko Ladipo a Legas. Sunaye irin su Pioneer, Sony, Kenwood, JVC da JBL sun yi suna, shi ya sa jabunsu suka yi yawa. Ba laifi ba ne ka sayar da kaya mai araha, talaka ma yana da haƙƙin jin sauti a motarsa. Laifin shi ne ka ce masa na asali ne. Ka ajiye kala biyu, ka faɗa wa mutum gaskiyar kowanne, ya zaɓa daidai aljihunsa.

Kada lambar da aka rubuta da manyan baƙi a kwali ta ruɗe ka. Sifikar da aka rubuta wa wat 1,000 ƙarfin da take ɗauka na ɗan lokaci ake nufi. Lambar da ke gefen haruffan RMS ita ce ta aiki, da ita ake daidaita sifika da amfilifaya. Haka waya: akwai ta jan ƙarfe zalla, akwai ta alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe a sama. Ka kankare bakinta, idan ka ga fari a ciki ta biyun ce, kuma ta fi saurin ɗaukar zafi.

Mataki na 5: Aikin haɗawa

Kafin ka taɓa komai, ka zagaya motar tare da mai ita. Ku gwada fitilu, gilasai, na'urar sanyaya mota, ku duba ko akwai wata alama da ke ci a dashbod. Abin da ya lalace tun kafin ta zo, a san da shi. Sannan ka cire kan batir na ɓangaren baƙar waya.

Ka yi amfani da soket ɗin da ya dace da motar maimakon yanka wayoyinta na asali. Sababbin motoci suna da kwamfuta da ke magana da rediyo, kuma idan ba ka sa ɗan akwatin da ke haɗa su ba, maɓallan sitiyari za su daina aiki.

Idan aikin amfilifaya da ufa ne, wato babbar sifika mai fitar da sauti mai kauri, ka ja waya mai kauri kai tsaye daga batir, ka sa fiyus kusa da batirin, kada ya wuce santimita 45. Wannan fiyus motar yake karewa, kuma ko mai mota ya ce a bar shi don rage kuɗi, kada ka yarda. Inda waya za ta ratsa ƙarfe ka sa mata roba. Baƙar wayar amfilifaya ta zama gajera, a ɗaure ta a ƙarfen da aka kankare fentinsa. Wayar sauti ta bi gefe ɗaya na mota, ta wuta ta bi ɗaya gefen, in ba haka ba za a riƙa jin kuka a sifika duk lokacin da aka taka totur. Sifikun mota galibi om 4 ne, om kuwa ma'auni ne na yadda sifika ke tare wuta. Idan ka haɗa biyu a baki ɗaya, mai alamar + da mai alamar +, mai alamar - da mai alamar -, sun koma om 2, kuma amfilifayar da ba a yi ta don haka ba za ta yi zafi ta ƙone.

Mataki na 6: Kuɗi da takardu

Ka raba kuɗin kaya da kuɗin aiki a rasit. Wasu za su zo da kayansu, kada ka kore su, ka karɓi kuɗin aikinka ka faɗa musu ba ka ɗauki alhakin kayan ba. A kan aikin hannunka kuwa ka ba da garanti, ka rubuta tsawonsa. Kuɗin kaya ya koma sari, daga kuɗin aiki za ka ci abinci ka sallami yaranka. Idan shago ya fara tsayuwa, ka yi rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC, don ka buɗe asusun banki da sunan shagon, ka kuma iya neman aikin motocin kamfanoni da makarantu.

Dillalan motoci su ne abokan cinikin da suka fi dawowa, domin allo da kyamarar ribas na ɗaga darajar motar da suke son sayarwa. Ka yi musu ragi. Kowace mota ka gama, ka ɗauki hoton dashbod kafin aiki da bayansa, da izinin mai ita, ka sa a WhatsApp da Facebook. Kafin ka miƙa makulli kuma, ka kunna inji, ka saurari kowace sifika ita kaɗai, ka sa ribas ka ga kyamara, sannan ka kashe motar ka tabbatar rediyon ya mutu tare da ita.