Yadda ake farfaɗo da injin waifa na tsohuwar mota kafin damina

A Katsina da Daura waifa tana hutun wata bakwai ko takwas. Daga Oktoba zuwa Mayu ba mai taɓa makunninta, ƙurar hunturu na shiga, zafin bazara na dafa giris ɗin akwatin giya har ya daskare. Ruwan farko na sauka direba ya murɗa, ko dai shiru, ko hannun ya ɗaga rabi ya cije, sai a ce ai inji ya ƙone. Yawancinsu ba su ƙone ba. Injin da ke jikin Peugeot 404 da 504, irin waɗanda Kaduna ta fara haɗawa a 1975, da Volkswagen kunkuru, da tsohuwar Marsandi da Land Rover, an ƙera shi ne don a kwance a gyara, kuma ya fi sabon da ake dannewa da inji ba ya buɗuwa.

Kafin ka ɗauki sifana, tabbatar laifin na injin ne. Duba fiyus, ka goge bakinsa, don tsatsa kaɗan ta isa ta hana wuta wucewa. Sa mita a kan batir, ya kamata ka ga bolt 12.4 zuwa 12.6, sannan ka auna a filogin injin da makunni a kunne. In wutar ta ragu da fiye da rabin bolt, matsalar tana waya ko makunni. Sai wayar at, wato wadda ke mayar da wuta zuwa negatif na batir. Injin yana zaune ne a kan roba, don haka ba ya samun at ta jikin mota sai ta wayarsa. Ɗauko guntun waya ka haɗa jikin injin da negatif na batir. In ya zabura, ka gama da shi, sai gyaran waya.

Daga nan ka raba injin da sandunan da ke jan hannuwa, amma ka fara yin alama da fenti a kan yadda ƙaramin hannun ke zaune a bakin shaf. Juya sandunan da hannunka. In sun yi tauri, nan ne tushen cutar: ƙusoshin nan biyu da suka ɓullo ƙasan gilashi su ne ke cika da ƙura da tsatsa. Zare su, goge da samfefa mai laushi, shafa giris, mayar. Wanda ya gyara inji ya bar su a cije, zai dawo da shi a ƙone da gaske kafin Agusta.

A kan benci, injin Bosch da ire-irensa suna da lambobi a filogi. 31 shi ne at. Ba wa 53 wuta ya yi ƙaramin gudu, 53b babban gudu. Don gwada tsayuwa, cire wutar yana tsakiyar tafiya, haɗa 53 da 53e da 'yar waya, wasu an rubuta 31b a madadinsa, sannan ka ba 53a wuta. Ya kamata ya ƙarasa zagayensa ya tsaya cak.

Wajen kwancewa, alama ta biyu ta fi ta farko muhimmanci: ja layi daga gwangwanin da ke ɗauke da maganaɗisu zuwa jikin akwatin giya. In aka mayar da gwangwanin a juye, injin zai riƙa juyawa baya, kuma ɗan rewaya zai ɓata yini yana neman laifi a waya. Kwance dogayen ƙusoshin biyu, zare gwangwanin a hankali, ka ajiye shi nesa da garin ƙarfe, don maganaɗisun zai kwashe shi. Buɗe murfin giya, cire kilif, ka jera washa-washan a kan tsumma yadda suka fito. Tsohon giris, wanda ya koma kamar busasshen sabulu, a kankare shi duka a wanke da kananzir. Haƙoran babbar giyar roba ne a yawancinsu. In sun cinye a wuri ɗaya, ba ta da magani sai canji.

Yanzu buroshi, wato 'yan guntayen nan masu kama da gawayi da ke kai wuta ga amecha, ɓangaren da ke juyawa a cikin gwangwanin. Mai gudu biyu yana da uku: biyu suna fuskantar juna, na ukun yana gefe, shi ne na babban gudu. Shi ya sa in gudu ɗaya ya mutu ɗaya na aiki, can za ka fara dubawa. Sau da yawa ba cinyewa suka yi ba, ƙura ce ta liƙe su a gidansu, sifirin ya kasa turo su. A injin Lucas 14W na Land Rover, in tsawonsu ya gaza milimita 4.8 a canza. In ba a samu nasa ba, ana goge na wani injin mota mai bolt 12, kamar na fankar hita, har ya shiga gidan yana zamewa. Kada a sa na garanda ko na injin huda ƙarfe mai wutar gida. Ba a yi su don ƙaramar wuta ba, injin zai yi sanyin jiki ya riƙa zafi.

Zoben jan ƙarfen nan mai tsage-tsage da ke jikin amecha, inda buroshi ke gogawa, a goge shi da samfefa lamba 600 ko wadda ta fi ta laushi, ana juya amechar a ciki, ba gaba da baya ba. Sannan a bi kowace tsaga da tsinken sakace a fitar da baƙin gari, don shi ke haɗa wuta tsakanin yanka da yanka. Auna da mita: tsakanin kowane yanka da maƙwabcinsa karatun ya zo kusan ɗaya, tsakanin yanka da shaf kuwa kada wuta ta wuce sam. Waya da ta yi baƙi tana warin ƙuna ita ce ƙonewa ta gaskiya. A nan sai naɗi, ko a nemo wata amechar a wajen masu tsofaffin kayan mota, ko a aika Ƙofar Ruwa a Kano. Maganaɗisun da ya saki jikin gwangwani kuma ana manne shi da Araldite, a daidai fuskar da yake.

Bushin da shaf ke juyawa a ciki mai yake sha, ba giris ba: ɗigo biyu ko uku na man inji. Akwatin giya a cika shi kamar rabi da giris mai jure zafi, a shafe haƙora sosai. In an danƙara, sai ya malala kan buroshi.

Waifar da ta ƙi tsayawa, ko take tsayawa a tsakiyar gilashi, laifin makunnin tsayuwa ne. A Bosch, 'yan yatsun jan ƙarfe ne ke bin faranti a fuskar giya. Goge su, ka ɗan lanƙwasa su su danna. A Lucas, makunni ne na roba a waje mai ɗan tsinke da tudun giya ke turawa.

Mayar da amecha yana son haƙuri. Ɗaure buroshin baya da zare, zura amechar, sannan ka yanke zaren ka janye. Sukurun da ke tokare ƙarshen shaf a ɗaure shi har ya taɓa, a ɗan sassauta. Lucas na son wasan milimita 0.05 zuwa 0.2. In ya matse injin zai yi zafi, in ya saki za ka ji ƙwas-ƙwas duk lokacin da hannu ya juyo. Lafiyayyen 14W ba kaya yana cin kusan amfiya 1.5, yana zagaye 46 zuwa 52 a minti. Shi kuma ba sanduna yake ja ba, igiyar ƙarfe ce a cikin bututu. Ita ma a zare, a wanke, a shafe ta, kuma in sai an sa ƙarfin da ya wuce kilo 2.7 kafin ta fito, bututun ya lotsa.

Bayan an ɗora shi a mota, kunna ka kashe ya tsaya da kansa tukuna, sannan ka ɗaura sanduna da hannuwa, in ba haka ba za su daki bonet ko robar gilashi. Sa sabuwar roba, kuma kada a gwada a kan busasshen gilashi mai ƙura. Watsa ruwa da buta. Da rani, sau ɗaya a wata, a jiƙa gilashin a bar waifar ta yi minti biyu tana aiki, giris ɗin ba zai samu zaman daskarewa ba.